Akwatin littattafan kakanni ya iso laburare, daga ina za a fara?

Tambaya: Allah gafarta Malam, wasu magada sun ba laburaren jami'armu akwatunan ƙarfe biyu cike da littattafan kakansu, rubutun hannu na Larabci da Ajami. Wasu warƙoƙin sun yage, akwai warin danshi, kuma ina ganin gari-gari a ƙasan gafakokin. An ce in fesa magani, in liƙe yagaggun, a kai wa masu ɗinkin littafi su yi musu bango, sannan a shigar da su ɗakin esi. Wanne zan fara?

Amsa: Ɗana, ko ɗaya cikin huɗun nan kada ka fara da shi, biyu daga ciki ma kada ka yi su har abada, wato feshin da ɗinkin. Takardar da ta shekara ɗari a yage za ta iya ƙara wata shida a haka ba abin da zai same ta, amma gyaran gaggawa yini ɗaya ya ishe shi ya ɓata ta.

Kada akwatunan su shiga inda sauran littattafai suke. Nemi ɗaki daban mai iska, ka sa takunkumi irin N95 da safar hannu ta roba saboda fumfuna, ka fito da gafakokin ɗaya bayan ɗaya. Ɗora kowace a kan baƙar takarda, ka share garin da ya zubo, ka dawo bayan mako ɗaya ko biyu. In ka tarar da sabon gari mai haske, tsutsar ƙwaro na nan da rai tana ci. In babu, tsohuwar ɓarna ce. Fumfuna kuma, mai rai tana da laushi da damshi, tana shafuwa in an taɓa. Wadda ta bushe gari ce. Mai damshin sai an baje warƙoƙin a inuwa bisa jerin da suka zo, fanka na kaɗawa daga nesa, sun bushe tukuna kafin ka share ta da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Rana kam a'a, tana ƙona takarda tana kashe launi.

Fiya-fiya da sauran magungunan feshi suna barin maiƙo a takarda, ba sa kai wa ga ƙwan da ke cikin rami, kuma kai da masu bincike ne za ku yi ta shaƙa. Kafur da ganyen darbejiya suna ɗan korar ƙwaro, ba sa kashe wanda ya riga ya shiga. Abin da ke kashewa sanyi ne ko rashin iska. Naɗe littafin da takarda, ka sa a leda mai kauri, ka matse iskar, ka rufe ruf, ka saka a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili. Mako ɗaya ne mafi ƙaranci, biyu sun fi. In ka fitar, kada ka buɗe ledar sai bayan awa 24, don raɓar ta sauka a bayan leda maimakon kan tawada. Amma fa in ba ku da tabbacin wuta dare da rana, bar wannan hanya, domin firizar da ke narkewa tana sake daskarewa ba ta gama da ƙwaro. Sai ka koma ga leda ta musamman da iska ba ta ratsawa, da ƙunshin sinadarin da ke shanye iskar oksijin, a rufe mako uku cur. Gara ita daban ce: daga ƙasa take zuwa, maganinta na gini ne, ba na littafi ba.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, kuma ba ƙwaro ne ke jawo ta ba. Littattafanmu na nan ƙasar Hausa da Barno ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake tsakanin bango biyu, a ɗaure da tsirkiyar fata, a zura cikin gafaka. Haka aka yi su da gangan, don malami ya iya ciro 'yan warƙoƙi ya ba ɗalibi. Ma'anarsa, jerin da ka same su a kai shi ma shaida ne, kuma da zarar ka hautsina shi ya tafi. Kafin ka ɗaga warƙa ko ɗaya, ɗauki hoton ƙunshin yadda ya zo. Sannan ka bi su da fensir mai laushi, 2B, kana sa ƙaramar lamba a kusurwar sama ta kowace warƙa bisa jerin da ka tarar, ko da kana ganin jerin ba daidai ba ne. Biro ko alƙalamin tawada kada su shigo ɗakin ma.

Bayan haka ne za ka zauna da wanda ya iya karatun ku gyara jerin. Dubi ƙasan bayan kowace warƙa, za ka ga kalma guda a keɓe: ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Inda ba su haɗu ba, ko dai wata ta ɓata, ko kun shiga wani littafin, don gafaka ɗaya takan ɗauki littafin fiƙihu da waƙar wa'azi da wasiƙu a haɗe. Rubuta giɓin a takardar bayani, kada ka cike shi da zato. Ka kuma ɗaga wasu warƙoƙin ga haske. In ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, ta arewa maso gabashin Italiya ce, irin wadda masana'antu kamar ta gidan Galvani a Pordenone suka yi ta fitarwa a ƙarni na 19, tana ratso Sahara ta Tarabulus. Wannan yana taimakawa wajen kimanta shekarun kwafin, sai dai takarda kan daɗe a ajiye kafin a yi rubutu a kanta.

Ka ga dalilin da ya sa na hana ɗinki. Mai ɗinki zai huda gefen, ya shafa gam, ya datse bakin da wuƙa don ya daidaita, a nan hashiyar malamai da waccan kalmar ta ƙasa za su tafi. Salatif ma haka: cikin 'yan shekaru gam ɗinsa ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar ta faɗi. Laminatin ya fi su duka muni, don da zafi ake yinsa kuma ba ya warwaruwa.

In lokacin liƙi ya zo, fara sanin tawadar. Wadda aka yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro a saman takarda take zaune, ruwa kaɗan ya narkar da ita, ai irinta ce ake wankewa a allo. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuwa takan koma ruwan ƙasa, ta yi inuwa a kewayen harafi, ta ɓullo ta baya, a ƙarshe ta cinye takardar har harafin ya zube ya bar rami. Ita ba ta narkewa da sauƙi, amma ruwa na watsa ƙarfen cikin takarda ya ƙara saurin cin. Jan wasali da ruwan ɗorawar hamza a Alƙur'anai ma ba su son ruwa, kuma wani ruwan ɗorawar zarnihi ne, mai guba, saboda haka a daina lasar yatsa ana buɗe warƙa.

Inda yagewar ba ta taɓa rubutu ba, yi amfani da siririyar takardar Japan, mai nauyin giram 5 zuwa 9 a murabba'in mita, da sitacin alkama. Awo ɗaya na sitaci, awo huɗu zuwa biyar na tataccen ruwa, a wuta kaɗan kana juyawa kamar minti 20 zuwa 30 har ya yi sheƙi. Ya huce, ka tace, ka tsinka shi ya yi kamar koko mai ruwa-ruwa. A zafinmu ba ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba, don haka dama kaɗan. Takardar Japan ɗin da hannu ake yagarta, ba da almakashi ba, don gashin bakinta ya kama. Faɗinta kada ya wuce milimita 2 ko 3 a kowane gefen yagewar. Shafa sitacin a kanta, ba a kan warƙar ba, ka ɗora, ka rufe da ƙyallen da ba ya mannewa da takarda mai shan ruwa, ka danne da ɗan nauyi har ya bushe. In ruwan ya yi yawa, za ka ga zoben tabo ko warƙar ta tattare. Inda yagewar ta ratsa rubutu, sai Klucel G, wani gam na masu gyaran takarda, kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a narke cikin ethanol, don ba ruwa a cikinsa. Wadda tawada ta riga ta ci har tana zuba, sa ta a mazubinta ita kaɗai ka bar wa wanda ya ƙware.

Batun esi. Littattafan koyarwa za su ce maka digiri 18 zuwa 20 da danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma gaskiya ne ga mai wuta ba yankewa. A wurinmu esin da ke aiki da safe ya mutu da rana ya fi rashinsa illa: ɗaki ya yi sanyi, wuta ta ɗauke, iska mai ɗumi ta shigo, raɓa ta kwanta kan kaya. Danshin ya fi zafin muhimmanci. Da ya haura kashi 65 ya zauna, fumfuna ta samu wuri, kuma a Agusta a Zariya ko Kano yana wuce haka nesa. Da hunturu kuma yakan faɗi ƙasa da kashi 20, takarda ta yi ƙaras-ƙaras, fata ta ƙanƙance. Zaɓi ɗakin ciki, wanda ba ya ƙarƙashin kwano kai tsaye, ba ya jingine da banɗaki. Sa na'urar auna zafi da danshi kana rubutawa safe da yamma. In kuɗi ya samu, na'urar tsotse danshi don Yuli zuwa Satumba ta fi sabon esi amfani.

Kowane littafi ya samu naɗin takarda marar asid da akwatin kwali marar asid daidai girmansa, a kwance, kada a jibga fiye da uku. Akwatin da kansa yana rage wa littafi jin sauyin yanayi, ya tare ƙurar hunturu. Kantar ajiyar ta zama ta ƙarfe, tsaninta na ƙasa santimita 15 daga daɓe, kuma a janye ta daga bango don ka riƙa ganin hanyar gara. Gafakar da bangon fatar kada ka yar, kada ka shafa musu mai. Naɗe su daban, ka ba su lambar littafinsu, su zauna a akwati ɗaya ko kusa da shi. Hoton warƙoƙin kuwa a ɗauka bayan an sa lamba, gaba da baya har da warƙoƙin da ba rubutu, da ma'auni a gefe, a ajiye a wuri biyu, a kuma ba magadan kwafinsu.