Amsa kan haɗa kabus daga tsofaffin taragu biyu

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce ka samu taragon kaya da kabus (taragon ma'aikata da ake jonawa a ƙarshen jirgin kaya) mai karyayyen shasi cikin kayan gwanjo a Garuwa, duka ƙananan samfurin jirgin ƙasa ne na ma'aunin HO (wato 1:87), kana so ka fitar da kabus irin na ƙananan layukan karkara na da, kana tambayar inda za ka fara yanka.

Shawarata, kada zarto ya taɓa shasin taragon kayan. Bar shi yadda yake da ƙafafunsa da ƙugiyoyinsa, duk yankan da za ka yi ya tsaya a gangar jiki. Na daɗe ina wannan aiki, kuma taragun da na ga suna sauka daga dogo yawanci waɗanda aka yanke wa shasi aka sake liƙawa ne. Karkatar da ido ba ya gani, kwanar dogo za ta tona ta.

Kada kuma bambancin jikin biyun ya dame ka. A Amurka kamfanoni da dama sun mai da tsofaffin taragun kaya na katako kabus, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu, wasu ma aka bar musu ƙofar gefe don ɗaukar ƙananan kaya a layukan da ba su da ciniki sosai. To ka ga abin da ke hannunka ya dace. Ciro ɗan benen leƙen nan daga rufin kabus ɗin, ka dasa shi a kan taragon, ka huda tagogi biyu a kowane gefe, ka bar ƙofar. Huda da ƙaramin rami tukuna, sannan ka faɗaɗa da magagari a hankali. Reza na tsaga tsohuwar roba, balle wadda ta sha zafin Garuwa. Gilashin taga, fasasshen gidan faifan CD ya isa, amma da farin gam na kafintoci za ka liƙa, don sufa gulu yana sa shi hazo.

Nauyi shi ne abin da aka fi mantawa. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan samfurin jirgin ƙasa ta Amurka, a HO ita ce oza 1, da ƙarin rabin oza kan kowane inci na tsawo. Tarago mai inci 5 ya kai kusan giram 100 ke nan. Liƙa notuna a ƙasa, daidai tsakiya, kafin ka rufe.

Ban so ka rubuta masa Camrail, sunan kamfanin jirgin ƙasa na Kamaru, ba. Dogonmu da ya iso Ngaundere a 1974 faɗinsa mita 1 ne, a ma'aunin 1:87 milimita 12 ake masa, naka kuwa milimita 16.5 ne, na samfurin dogo mai faɗi irin na Amurka. Bar shi ɗan Amurka, fentinsa ja ko ruwan ƙasa.

Fenti kuma, in lokacin hunturu ne, yi shi cikin ɗaki da sassafe, ka kife masa kwano har ya bushe. Turo mana hoton shasin ta ƙasa kafin ka fara, in duba tsayin ƙugiyoyin.