Miyar da ta yi sati uku a ƙanƙare: amsa ga Yayata ta Katsina

Yaya, saƙon muryarki ya iso tun daren Laraba, kuma sau uku na saurare shi. Da farko dariya na yi. Da na sake ji sai na ajiye wayar, na je na ɗaga murfin firizar nan da ta tsone miki ido, na tsaya ina ƙirga robobin. Goma sha ɗaya suka rage. Kin ce tun da kika koma daga bikin nan abin yake cin ranki, wai a ce jikar Alhaji guda ita ce ke ba mijinta da 'ya'yanta miyar da ta yi sati uku a ƙanƙare. Kika rufe da tambayar ko al'adar Zabarmawa ce na ɗauka. Wannan ta ƙarshen ita ta sa na zauna rubutu, don in na ce da murya zan mayar miki, ƙarshenta faɗa za mu yi ko kuka.

Bari in fara wanke Zabarmawa. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, har gobe ba ta cin miyar firiza in ta sani. Ranar da aka kawo shi gidan nan ta zagaya shi kamar mai taya ragon layya, ta ce wa ɗanta da Zabarmanci, don a zatonta ban gama jin yaren ba, wai ya sayo wa matarsa makwancin lalaci. Ita a wurinta foy, wato miya, yau ake kaɗa ta yau ake shanye ta. Kin ga bakinku ɗaya ke da ita. Da kuna jin yaren juna da tuni kun haɗa mini taron dangi.

Agogo ne ya koya mini, ba kowa ba. Aikin gwamnati a nan Yamai ƙarfe 8 na safe ake shiga, a tashi 5 da rabi na yamma daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a ce kawai ake sallamar mu da azahar. Gidanmu yana Harobanda, ma'anarsa bayan ruwa, ofis kuma yana wancan ƙetaren, saboda haka kullum sai na haye kogin Isa, wato kogin Kwara, sau biyu. Kin ga gadar Kennedy da idonki. Tun 1970 take nan, kuma ko da aka ƙara gada biyu bayanta, a bakin magariba motoci da babura da amalanke haka suke curewa a kanta. In na shiga gida kafin kiran salla na gode Allah. To ki gaya mini, a wannan lokacin zan fara wanke nama, in jajjaga kayan miya, in jira ƙwauri ya yi laushi? Yara sun yi barci da yunwa ke nan. Shekara biyu na yi ina gwadawa. Rabin kwanakin sai a ƙare da aiken yaro bakin titi ya sayo burodi da tsire, maigidan bai taɓa cewa uffan ba, amma ni na san ba rayuwa ba ce.

Yanzu Asabar ɗin farkon wata, in albashi ya shigo, sammako nake yi wurin mahaucina. Ba'adare ne daga wajen Tawa, kuma ki sani yawancin masu fawa a Yamai Hausawa ne, da Hausa ake cinikin nama ko a wace kasuwa kika shiga. Kilo 4 nake ɗauka, ban kuma yarda da tsoka zalla. Tsoka in ta dahu ta daskare aka sake ɗumama ta, zare-zare take zama kamar igiya. Ƙwauri nake so da wuya da ɗan ƙirji, masu jijiya da kitse-kitse, don jijiyar nan ita ke narkewa in an daɗe ana dahuwa, ta ba miya kauri da danƙo, naman kuma ya jure sanyi da wuta ba tare da ya bushe ba. In mahaucin ya ga dama ya ɗora mini gyaran tozo.

Ina dawowa sai in yanka shi manya-manya, in tsane ruwan, in soya kaɗan-kaɗan a tukunya mai kauri. Kada ki zuba duka lokaci ɗaya, ruwa zai tsatso ya koma dahuwa, ɗanɗanon suyar nan ya tafi. A cikin man da ya rage nake zuba albasar Galmi manya guda 8, ja ɗin nan da ku ma ake kai muku, har sai ta narke. Sannan tumatir da attaruhu da garin tattasan Diffa, a soya har mai ya taso sama. A mayar da nama, a sa daddawa da citta da masoro, a zuba ruwa iya wuyansa, a rage wuta. Awa biyu ko biyu da rabi, ba a kulawa da ita sai juyi jefi-jefi, ina wanki tana yi. Jar miya ce dai irin ta gida, ba wani abin Nasara ba. Gishiri nake ragewa, kanumfari da tafarnuwa kuma kaɗan-kaɗan, don in miya ta zauna ƙarfinsu ƙaruwa yake.

Inda ake yin kuskure shi ne bayan an sauke. Nan ne ya kamata ki yi mini faɗa in na yi sakaci. A zafin Yamai, wanda a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, miya ba ta son ta wuce awa ɗaya ko biyu a waje. Kuma ba a cusa tukunya mai zafi a firiza, sai ta narkar da abin da ke ciki, tsakiyarta ma ta daɗe ba ta huce ba. Ni juye ta nake a farantai masu faɗi, in ɗora su cikin baho da ƙanƙara, in kunna fanka. Tana hucewa sai in raba a robobi, kowace roba cin dare ɗaya, in bar kamar faɗin yatsa biyu a sama don ruwa kumbura yake in ya daskare. Sau ɗaya na cika roba fal, da safe na tarar murfin ya tashi, jan mai ya ɓata mini kifi. Ina manna takarda da kwanan wata. In sanyin ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, wata biyu zuwa uku tana nan da daɗinta, ko da yake a gidan nan ba ta taɓa ganin sati biyar ba.

Dankalin turawa ba ya shiga, gari-gari yake yi. Karas yana jurewa. Kuɓewa da alayyafo da kuka duk sai ranar ci. Asirin ma a nan yake, Yaya: miya ɗaya ce amma fuskarta da yawa. Da dare in sauko da ita daga firiza zuwa ƙasan firiji, mu nan firigo muke cewa, washegari da magariba ta saki. Litinin a ci da shinkafa. Talata in ƙara ruwa in kaɗa kuka a ci da tuwon masara. Laraba in yanka dankali sabo a ciki. Wata rana maigidan ya ce dambu da zogale yake so irin na gidansu, sai a malala miyar a kai. Minti 30 an gama. Sharaɗi ɗaya ne, ta tafasa sosai har tsakiya, kuma abin da aka narkar ba ya komawa. In ya yi saura, almajiri ko maigadi.

Ba don in kunyata ki ba, amma daren da kuka sauka daga mota, tuwon shinkafar da kika ce a ƙaro miki miya, har kika ce hannuna hannun Inna ne, daga robar nan ta fito. Kwananta 19.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen da ba sa wasa da ɗumame su ne ke ƙyamar miyar da ta kwana. Wa ya kai mu ajiyar abinci? Kilishi mene ne? Dambun nama fa, da ake ɗura wa mahajjata da 'yan makaranta? Kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, duk dabarar mutanen da suka san gobe tana zuwa ce. Ke ba ki tashi a Zongo ba, ba ki ga layyar Yamai ba. Nan ba a gididdiba rago ranar salla. Feɗe shi ake a baje a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera raguna kewaye da wuta a ƙofar gida, su yini suna gasuwa, unguwa duk hayaƙi. Washegari a rarraba, sauran mata su soye shi ƙayau. Kaka tana da wata tukunyar ƙasa a ƙarƙashin gadonta, soyen layya take zubawa ta malale shi da kitsen, ta ɗaure bakin da tsumma. Har Ashura tana ciro tsoka biyu-uku ta jefa a miya, kuma in jika ya yi abin kirki ta ɗan ɓantaro masa. Ni na fi kowa samu, don ni ke yi mata tsifa. Ba wanda ya taɓa ce wa Kaka ta bar Hausa. Tukunyarta ce nake da ita, sai dai tawa da igiyar lantarki.

Ita igiyar kuwa ita ce rauninta, ban ɓoye miki ba. Kuran, wutar lantarki ke nan a bakinmu, ba ta da alƙawari, balle da bazara. Dokar gidan nan kowa ya haddace ta: in an ɗauke, ba mai taɓa murfin. Firiza in yana cike kuma ba a buɗe shi ba yakan riƙe sanyinsa kusan kwana biyu, in rabi ne kwana ɗaya, shi ya sa nake cike gurbin da gorunan ruwa. Watan Agustan 2023 ne ya karya dokar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka yanke wutar da ke zuwa mana daga wajenku ta Birnin Kebbi, aka rufe iyaka. Unguwarmu sai ta yini ta kwana babu. Na lallaɓa kwana uku, a na huɗu na ga robobin sama sun fara gumi, sai na haɗa murhu biyu na tafasa duka na raba wa maƙwabta, Zabarmawa da Fulani da wasu 'yan Togo da ke haya kusa da mu. Ranar layinmu kowa ya ci nama. Watanni na yi ban sake cika shi ba, na koma soye irin na Kaka. A lokacin ne fa kika yi ta kira ba ki samu, da kika samu kika ce mun yi zuciya.

Sai maganar ko har yanzu mu Hausawa ne, wadda ba ki faɗa ƙarara ba amma na ji ta. Alhaji ya baro Katsina da fatauci 'yan shekaru bayan Faransawa sun ɗauke babban birni daga Damagaram sun kawo Yamai a 1926. Ya sauka Zongo, ya yi aure, ya binne iyayen gidansa a nan, shi ma nan aka binne shi. Inna kusan rayuwarta duka a Ƙaramar Kasuwa ta yi ta tana sayar da kayan miya, har gobarar 2012 ta tashe su. Mu ne na uku, 'ya'yana na huɗu. Fiye da rabin mutanen Nijar Hausawa ne, kuma tun 2025 Hausa ce aka rubuta a matsayin harshen ƙasa. Amma in mun zo Katsina a ce ga 'yan Faranshi sun iso, a sa yara su ce lakwal ko biro a yi ta dariya, alhali ku ma fensir da bokiti ba kakanninmu suka bar mana ba. A nan kuma dangin maigidan in abu ya haɗa mu su ce ai Bahausa ce. Na saba, amma sabo ba ya hana jin zafi.

Aurena kuwa shekara 14 ke nan, kuma ke kika fi kowa sanin wanda ya ƙi zuwa ɗaurin auren. Ban riƙe ba. Mutumin nan salla ɗaya muke yi, ya yi wa Baba jinya wata huɗu yana kwana a tabarma a asibiti, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokon da na ji a wajenku. Inda zan ba ki gaskiya guda ne: autana ya fi sakewa da Zabarmanci, don shi ake yi a layi, kuma in na ce ya gaishe ki a waya sai ya ce fofo ya ruga. Wannan yana damuna fiye da yadda kike zato. Da za ki karɓe shi hutun damina ya yi wata biyu a gabanki, da kin yi mini abin da ya fi saƙon murya.

In mai motar nan na Maraɗi zai taso, a saka mini daddawar gida ƙulli goma da kukar da Gwaggo ke dakawa, ta nan ba ta kai ta kauri ba. Ita ma daddawar a firiza zan ajiye ta, gara ki ji daga bakina. Ki gaida Alhajinku da yara.