Gonar farawla ko ta dabbobi? Kai yara yawo Ɗa'if

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A Makka muke zaune, wajen Shari'a Mansur. Yarana uku: babbar shekararta bakwai, mai bi mata huɗu, autan bai cika biyu ba. Maigida ya ce zai kai mu Ɗa'if ranar Asabar, ni zan zaɓi wuri. Gonar farawla (strawberry) ce ta fi dacewa, ko wadda yara ke ciyar da dabbobi? Abin hannunmu kaɗan ne.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Da autan za ki auna wannan tafiya, domin in ya gaji, kowa ya gaji. Saboda shi na zaɓa muku gonar farawla, irin waɗanda ke yankin Hada, kusa da Ɗa'if.

Yaron da bai kai biyu ba, komai ya taɓa sai ya kai baki. A garken tumaki da zomaye kuwa, shinge da ƙasa da gashin dabbar duk suna iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi wahalarwa. A gonar farawla hankalinki zai fi kwanciya. Na taɓa ganin wata yarinya ta durƙusa gaban shuka, ta ɗaga ganye da yatsa ɗaya, ta ga jan ɗan itacen a ɓoye, ta kwala wa uwarta kira kamar ta tsinci zinariya. Yaran da suka tashi a bene, ba su san farawla ba sai a robar kanti, suna bukatar ganin wannan. Wasu gonakin ma suna da 'yan tsuntsaye da dabbobi a gefe; manyan biyu su leƙa tare da babansu, su dawo su wanke hannu da sabulu da ruwa. Man goge hannu shi kaɗai bai wadatar ba.

Batun kuɗi: kafin ku tashi, maigida ya kira gonar ya tambayi abu uku. Shin ƙananan yara na biya? Ana barin baƙi su tsinka da kansu, kuma kuɗin shiga ya haɗa da wannan? Ana shiga da abincin gida? A nan aljihu yake zubewa, wajen lemo da askirim da hawan doki, ba a bakin ƙofa ba. Ki yi wainarki ko fankenki, ki cika gorunan ruwa.

Ku fita bayan Asuba. Tsakanin Makka da Ɗa'if kusan kilomita 90 ne, amma hanyar Hada hawan dutse ce mai kwane-kwane, takan hautsina cikin yaro, kuma akan rufe ta idan hazo ko ruwan sama ya yi yawa. In an rufe, akwai hanyar Sail. Ki ɗauki leda da kayan canji, da rigunan sanyi, domin garin yana kan tudun da ya kai wajen mita 1,800, iskarsa ba ta Makka ba ce. Birai na tsayawa a gefen titi. Kada yara su miƙa musu abinci ta taga, suna fizge kaya kuma suna cizo. In tafiyar ta faɗo a Maris ko Afrilu, ku biya gonar wardi da sassafe, lokacin da ake tsinkar furen.

Tambaya: Anti, daga Jidda nake. Idan mun fita bayan gari mukan ga masu raƙuma suna tatsar nono nan take. In sayo wa yara?

Amsa: Malam, kada ka ba su ɗanye, ko da mai raƙumin ya rantse dabbarsa lafiya lau take. Nonon da ba a tafasa ba yana kawo zazzaɓin Malta, mai daɗewa a jiki yana cin gaɓɓai. Cutar numfashi ta MERS kuma, wadda aka fara ganowa a nan Saudiyya a 2012, daga raƙuma take kama mutane. Su kalli raƙuman daga nesa, ka ɗauke su hoto. In ana marmarin nonon, akwai wanda aka dafa aka rufe a kwalba a manyan kantuna.