Abin taɓawa a kwanakin zafi: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce tun da zafi ya kankama yaranki suka rage cin abincin rana, sai dai su yi ta zarya suna neman alawa da biskit da lemon kwalba, kuma kina son a ba ki shawarar abin taɓawa mai sauƙin haɗawa wanda ba zai cutar da su ba. Kin kuma ce ƙaraminki shekararsa 2. Yarana huɗu, babbar tana da shekara 15, autan yana da 5, saboda haka na daɗe a cikin wannan fama, kuma abin da zan faɗa miki duk na gwada shi a gidana.

Da farko ki kwantar da hankalinki a kan rage cin abincin. Jiki yana ƙara ɗumi a lokacin da yake narkar da abin da aka ci, musamman abinci mai nauyi, shi ya sa idan gari ya yi zafi babba da yaro duk sha'awar abinci take raguwa. Matuƙar yaro yana wasansa, yana fitsari yadda ya saba, kuma fitsarin bai yi duhu ba, to ba abin tashin hankali ba ne. Ni na daina tsare su a kan sai sun cinye faranti guda da rana tsaka. Na koma ba su kaɗan-kaɗan, sau biyu tsakanin karin kumallo da abincin dare, sai abinci mai nauyin ya koma yamma lokacin da iska ta fara sanyi.

Kuskuren da na fi daɗewa a kai shi ne lemon kwalba. Ina ganin tunda mai sanyi ne ai taimakonsu nake yi. Sai da na zauna na karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani ɗaya, na ga mililita 330 tana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato cokalin shayi 8 zuwa 9. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum yake samu a rana, wanda ga babban mutum ya kama kusan cokalin shayi 12, kuma ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Wannan lissafin babba ne, na yaro bai kai nan ba. Ga shi kuma na lura da idona cewa bayan rabin awa da shan lemon sai su dawo suna kukan ƙishirwa, abincin dare ma su tsattsakure shi. Ban hana su gaba ɗaya ba, don hani kai tsaye yana ƙara musu kwaɗayi, amma na daina ajiye shi a firij. Abin da ba ya gida ba a yi maka rigima a kansa kullum.

Abin da ya canza mini komai dabara ce guda: duk abin taɓawar da zan ba su sai na haɗa abu biyu, mai ruwa da mai riƙe ciki. Na gano haka ne ranar da na cika wa 'yata ta biyu kwano da kankana, ta cinye tas har da shanye ruwan da ya taru a ƙasa, amma ko minti 40 ba a yi ba ta dawo kicin tana cewa yunwa take ji. Gaskiyarta ce. Kankana kusan kashi 92 cikin 100 ruwa ce, kokwamba ta ma fi ta, tana kai kashi 95, lemon zaƙi kuma kusan 87. Suna kashe ƙishirwa, suna sanyaya jiki, amma ba sa zama a ciki. Da na fara ɗora dafaffen ƙwai guda a gefen kankanar, ko ɗan dunƙulen hannu na gyaɗa, ko kofin yogot marar sukari, sai zaryar ta ragu sosai. Ƙwai ɗaya yana da sinadarin gina jiki kusan giram 6, kuma shi ne yake sa yaro ya kai awa biyu bai waiwayi kicin ba.

Bari in ɗan tsaya a kan kankana, don ita ce aka fi saye a wannan lokaci, kuma a kanta na sha wahalar da ba zan manta ba. Wajen zaɓe, ki ɗaga ta ki ji nauyinta ya fi girmanta, sannan ki duba gefen da ta kwanta a ƙasa. In wurin ya yi rawaya ta nuna a gona, in fari ne fat an cire ta da wuri. Kafin ki sa wuƙa ki wanke bayanta da ruwa mai tsabta ki goge, ko da kuwa ba a cin ɓawon, domin wuƙa tana kwasar dattin da ke waje ta shiga da shi cikin tsokar. Mutane da yawa ba sa yin haka, ni ma da ba na yi.

Shekaru uku da suka wuce na yanka kankana da safe, na rufe ta da faranti na bari a kan tebur, wai duk wanda ya ji sha'awa ya ɗiba. Autana ya ci wajen la'asar. Da daddare ya fara amai da gudawa, kafin asuba idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, ko kuka ya yi ba hawaye. Muka kwana a asibiti ana ƙara masa ruwa. Kankanar nan ba ta yi wari ba, launinta bai canza ba, shi ya sa ban yi zargin komai ba. Daga baya na fahimci cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma da zarar an yanka ɗan itace kariyar ɓawonsa ta tafi. Ƙa'idar da masana tsabtar abinci suke bayarwa ita ce, abin da aka yanka ko aka dafa kada ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, to awa 1 ce kawai. Wannan ya shafi yogot, da ƙwai da aka ɓare, da gwanda, da abarba, da duk wani abu mai madara. Ina roƙonki ki riƙe wannan fiye da duk wani haɗi da zan koya miki. Tun daga ranar ban sake rabuwa da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, wanda ake ba mai gudawa, a gida ba. In babu shi a kusa, ana haɗa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a tula, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan kafin a isa asibiti.

Yanzu ga abin da yarana suka fi so, kuma shi ya maye gurbin askirim a gidanmu. Ayabar da ta nuna sosai har ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, wadda kowa yake ƙi, ita nake nema. Ina ɓare ta, in yanka ta ƙanana kamar kwabo, in jera a tire ba tare da sun taɓa juna ba, in sa a firiza ta kwana. Washegari in zuba a blanda. Da farko za ki ga ta farfashe kamar tsakuwa, har ki yi zaton ba za ta haɗu ba. Ki tsaya ki kankare gefen da cokali ki ci gaba. Can sai ta juye ta zama laushi, fara-fara, tana miƙewa a cokali kamar askirim na shago, ba sukari ba madara. Wani lokaci ina jefa mangwaro daskararre a ciki, wani lokaci cokali guda na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wanda shi ne yake ba ta ƙarfin riƙe ciki. Sai dai a sha ta nan take, don minti goma ya isa ta narke.

Haka nake yi da yogot. In dama shi da mangwaro ko gwanda da aka murƙushe da cokali mai yatsu, in zuba a ƙananan kofuna, in tsayar da ƙaramin cokali a tsakiyar kowanne, in sa a firiza. Idan ya daskare sai ki riƙe kofin a tafin hannu na ɗan lokaci, ki ja cokalin, ya fito a dunƙule yaro ya riƙe yana lasa. Ki sayi yogot marar zaƙi, domin mai ɗanɗanon 'ya'yan itace sau da yawa sukarinsa ba kaɗan ba ne. Zaƙin mangwaron ya wadatar.

Ba kullum baki yake son zaƙi ba. Gumi yana fita da gishiri, shi ya sa bayan yara sun yi guje-guje za ki ga suna neman abu mai ɗan gishiri-gishiri. A nan kokwamba take aiki. Ina yanka ta dogo-dogo tare da karas, in matsa lemon tsami, in barbaɗa gishiri ɗan mitsitsi. Ko kuma in gurza kokwambar cikin yogot, in sa yankakken ganyen na'a-na'a, su riƙa tsoma karas ko burodi suna ci. Tumatir da dafaffen ƙwai ma haka. Gishirin da yatsu biyu za su ɗauka ya isa, don abincin yau da kullum ya riga ya ba su mai yawa, kuma ko babba ana so ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana. Gugguru da kika yi da kanki da mai kaɗan ya fi soyayyen dankalin leda nesa ba kusa ba, ga manyan yaran ke nan.

Ruwan 'ya'yan itace da ake matsewa kuwa ban cika yi ba. Lemon zaƙi uku ne suke cika kofi ɗaya, yaro ya shanye cikin daƙiƙa kaɗan, sukarin ya shiga gaba ɗaya, zare-zaren cikin lemon da suke rage saurin shigarsa jini kuma an zubar. In kika ɓare masa lemo ɗaya ya ci da zare-zarensa, ya fi masa amfani kuma ya fi ɗaukar lokaci. Wanda ba ya son ruwa zalla, ina jefa masa yankan kokwamba ko lemon tsami a jug, ko in daskarar da gutsuren abarba cikin ƙanƙara in sa masa a kofi.

Abin da ya sa duk wannan ya ɗore a wurina shi ne lokacin da nake yin sa. Da rana tsaka ba mai son tsayuwa a kicin. Da sassafe, kafin gari ya ɗau zafi, nake ɗaukar minti 15 in wanke, in yanka, in rarraba a ƙananan robobi masu murfi, in jera su a layin firij da ya yi daidai da idon yara. Wanda ya buɗe firij, abin da ya fara gani shi zai ɗauka. Ƙwai kuma ina dafa da yawa lokaci guda, in bar su cikin ɓawonsu, suna kai mako guda a firij. In wuta ta ɗauke ki hana yara buɗe-buɗe, domin firij da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa kusan awa 4. In kuwa babu firij ɗin gaba ɗaya, ki sayi abin da ɓawonsa yake kare shi, ayaba, lemo, tuffa, ƙaramar kankana da za a cinye zama ɗaya, kuma kada ki yanka sai masu ci suna zaune. Haka nake yi in za mu yi tafiya, sai dai in daskarar da gorar ruwa biyu in sa a kula tare da kayan, su yi aikin ƙanƙara, in sun narke a sha.

In akwai tsoho a gidan a riƙa miƙa masa ruwa shi ma ba sai ya tambaya ba, don jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. Mai ciwon sukari ya ci 'ya'yan itace daidai gwargwado tare da gyaɗa ko ƙwai, mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa kafin ya yawaita ayaba da lemo, saboda sinadarin fotashiyam da ke cikinsu.

Sai maganar ƙaraminki mai shekara 2, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarki. Kada ki ba shi gyaɗa guda-guda ko gugguru ko ɗanyen karas mai tauri, duk suna iya shaƙe shi, sai ya kai shekara 5 kafin gyaɗar. In za ki ba shi inabi ki tsaga shi a tsaye gida huɗu, kuma kada ki daskarar masa da shi. Ki cire 'ya'yan kankana kafin ki miƙa masa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ki shafa ta siriri a burodi ko ki dama ta cikin yogot, kada ki ba shi cokali cike, tana mannewa a maƙogwaro. Zuma ba laifi a shekarunsa, wanda bai cika shekara 1 ba ne ba a ba shi, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma nono kaɗai ya ishe shi ko da zafi ya kai ina, sai dai a ƙara yawan shayarwa. Ki zaunar da shi kafin ya fara ci, ke ma ki zauna kusa da shi har ya gama. Nawa a wannan shekarun gwanda mai laushi da yogot ya fi so, ina murƙushe masa a ƙaramin kofi in ba shi cokalinsa, ya ɓata riga ya ɓata fuska, amma kofin ba ya dawowa da saura.