Hedimasta ya ce in kwafa a allo, mai duba ni kuma ya ƙi

Tambaya: Malam, ɗalibin NCE ne ni, wato karatun malanta a kwalejin ilimi, a fannin Soshiyal (darasin zamantakewa). Na fita koyarwar gwaji, sai hedimasta ya miƙo mini wani tsohon littafin rubutu, ya ce in kwafa a allo yara su haddace, wai darasin ba ya buƙatar wahala. Malamin da ke zuwa duba ni daga kwaleji kuma ya ce bai yarda ba. Ina tsoron faɗuwa. Wa zan bi?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Mai duba ka da mizanin NCCE zai auna ka, hukumar da aka kafa a 1989 don sa ido kan kwalejojin ilimi, kuma mizanin nan ba a sauka ƙasa da shi. Abin da za ka koya wa yara kuwa manhajar NERDC ce ke faɗa, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya. Manhajar ta sha gyara: a 2012 an haɗe Soshiyal da ilimin ɗan ƙasa da na tsaro da darussan addini wuri guda, a 2017 aka sake ware addini bayan ce-ce-ku-ce. Shekarar nawa aka rubuta littafin hedimastan naka?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "Soshiyal kowa ma zai iya". Kullum ina jin ta. Malamin da ya rasa aji, a tura shi Soshiyal. Wanda aka ɗauka aiki da takardar wani babba, Soshiyal. Wa ya taɓa yi wa lissafi haka? Sai yaro ya haddace ma'anar "iyali" da "al'ada" tsaf, amma ka tambaye shi me ke haɗa manomi da makiyayi faɗa a garinsu, ko wa zai kai wa kuka in famfon unguwa ya lalace, ya yi tsuru-tsuru. Don haka ne mizanin ya nace a horar da kai kan bincike da tattaunawa da fita da yara su gani da ido. Darasin da aka ɗora wa koyar da zaman tare, a ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, shi muka mayar juji, sannan mu zo muna salati in rikici ya tashi!

Kada ka yi musu da hedimasta, a ƙarƙashinsa kake. Nemi manhajar da ake aiki da ita yanzu, ka gina shirin darasinka a kanta, ka kai masa ya sa hannu kafin ranar da mai duba ka zai zo.