Tambaya da Amsa: Ina Masu Cewa "Kada Ku Tashi" Suka Shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ina wuni, ya zahi? Ni ɗalibi ne mai karatun aikin jarida nan Sakkwato. Kwanan baya na ci karo da wani tsohon shirin gasa na talabijin ɗin Amurka a YouTube, na shekarun 1970. Da shirin ya ƙare, sunayen ma'aikata na hawa bisa allo, sai wata murya ta ce a dakata a kalli shiri na gaba "a mafi yawan waɗannan tashoshi". Na nuna ma innata, ta yi dariya ta ce ai mu ma nan muna da masu yin haka, har ganin su akai ido da ido. Wa ke wannan magana? Mi ya sa ya ce "mafi yawan"? Kuma in da gaske mun yi irin su, ina zan samu hotonsu in gani?

Daga wani mai karatu, Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Zafi kam sai godiya. Ka gaishe min da innarka, ka ce mata maganarta dutse ce.

Bari mu fara da na Amurkan. Shirin gasa a can mutum biyu ke riƙe da shi. Akwai mai gabatarwa, wanda kake gani tsaye da 'yan takara, akwai kuma mai sanarwa, wanda galibi muryarsa kawai ake ji. Shi ke kiran sunan ɗan takara, shi ke wasa firij da mota da injin wanki da za a ci, shi ke karanta sunayen kamfanonin da suka ba da kayan. In ka tuna sanƙira a gidan biki, ka gane aikinsa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Johnny Olson na shirin The Price Is Right, wanda ya riƙe makirufo tun da aka farfaɗo da shirin a gidan talabijin na CBS ranar 4 ga Satumban 1972 har rasuwarsa a 1985. A wannan rana CBS ta jera sabbin shirye-shiryen gasa uku da hantsi, ɗaya na bin ɗaya: The Joker's Wild, sai The Price Is Right, sai Gambit. Ba da ka aka jera su ba. So ake wanda ya zauna wa na farko kada ya motsa sai na ukun ya ƙare, kuma 'yan daƙiƙoƙin nan da sunaye ke hawa su ne lokacin da aka fi tsoron ya tashi. Nan mai sanarwa ke jefo maganarsa.

Ka san a lokacin yawancin gidaje ba su da rimot. Canza tasha sai ka miƙe ka je ka murɗa maɓalli. Manyan gidajen talabijin uku ne, NBC da CBS da ABC, kuma kuɗin talla yana bin yawan masu kallo ne kamar yadda kamfanin Nielsen ya ƙidaya. Saboda haka duk matar gidan da muryar ta hana ta miƙewa, kuɗi ce ta shiga aljihu.

Batun "mafi yawan" kuwa, nan ne ka nuna min kai ɗalibin jarida ne, domin mutane da yawa za su ji ta su wuce. Ƙananan tashoshin da ke cikin garuruwa ba duka ne mallakar CBS ko NBC ba. Na 'yan kasuwa ne da suka ƙulla yarjejeniya da babban gida, kuma suna da ikon ajiye wani shiri su sa nasu, ko labaran gari, ko wani fim da suka sayo. Mai sanarwa yana magana da ƙasa guda a lokaci ɗaya, ba zai rantse cewa kowa zai ga shirin da ya ambata ba. Sai ya bar wa kansa ƙofar fita.

To, mu dawo gida. Talabijin ya fara a Nijeriya da WNTV ta Ibadan a 1959, Inugu ta biyo a 1960, Kaduna a 1962. Namu na Sakkwato ya zo a tsakiyar shekarun 1970, kafin gwamnatin soja ta tattara dukkan tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Mu ba tsarin Amurka muka ɗauko ba, na Ingila muka fi kusa da shi, inda gidan talabijin ke da nasa ma'aikacin da aikinsa kenan, ya haɗa wannan shiri da wancan. Shi ya sa innarka ta ce ana ganin su.

Ni gidan maƙwabcinmu muke kallo, can wajen Ƙofar Atiku. Akwatin baƙi-da-fari ne mai ƙyaure na katako, ana ja a rufe shi a sa makulli. Ba a shiga sai an wanke ƙafa. Tasha ba ta buɗewa sai bayan la'asar, kafin nan sai dai zane-zane a allo da wani ƙara mai shiga kunne, mu kuwa muna nan a tabarma mun zuba ido kamar akwai abin gani. Sai taken ƙasa. Sai ga mai sanarwa zaune bayan tebur, mace ce ta sha ɗaurin kallabi da mayafi, ko namiji da hula zanna, takarda a gabansa, wani lokaci da 'yar tukunyar furen roba a gefe. Ya yi sallama, ya gaishe mu, ya jero abin da za a gani tun daga shirin yara har rufe tasha, da Turanci sannan da Hausa. Mahaifiyar maƙwabcinmu, Allah ya jiƙanta, amsa sallamar take da ƙarfi, kuma ba ta yarda kowa ya yi magana sai ya gama. A wajenta baƙo ne ya shigo gida.

Kowane shiri ya ƙare sai ya dawo. "Masu kallonmu, da fatan kun ji daɗi. Kada ku tashi." In kacici-kacicin 'yan makarantun sakandare ne ya ƙare, ya taya waɗanda suka yi nasara murna, ya ce a gyara zama ga wasan kwaikwayo nan tafe. Daren da za a sa Idon Matambayi ko Samanja, ambaton sunan kawai ya isa, za ka ji ihun yara har layi na gaba. Tara saura kaɗan kuma ya ce za a haɗa mu da Legas don labaran ƙasa, sai manya su matso, mu a kore mu.

Amma ka lura da bambancin, domin shi ne zai yi maka amfani a aji. Na Amurka tsoron kishiya yake. Namu ba shi da kishiya, tasha ɗaya ce tilo, ko ka kalla ko ka kashe. Abin da yake fama da shi daban ne: barci, kiran sallah, ɗauke wuta, da kuma giɓin da ke tsakanin shiri da shiri. A tashoshin wancan zamani da hannu ake loda kaset, in ɗaya ya ƙare sai an ɗora wani an jawo shi daidai farko. In kaset ya sarƙe, ko layin da ke kawo shiri daga nesa ya yanke, mai sanarwa ake haskowa. Ba rubutu, ba shiri, sai ya yi ta ba da haƙuri yana sake jero abin da ya riga ya faɗa, yana satar kallon gefe ko za a yi masa alama. Gwani a nan ake gane shi. Akwai wanda zai cika minti biyu da magana mai daɗi ba ka ma san an samu matsala ba, akwai wanda zai yi ta gyara takarda har ka ji tausayinsa. Ga shi kuma shi ne jadawalinmu, domin gidaje nawa ne ke sayen jarida don duba shirye-shirye?

Abin da ya kawar da su ba ɓoyayye ba ne. Rimot ya zo, tashi ya daina zama wahala. A Amurka, cikin shekarun 1990, aka fara matse sunayen ma'aikata gefe guda na allo ana nuna tallan shiri na gaba a ɗaya gefen, wani lokaci ma a faɗa sabon shiri ba ko numfashi. A nan gida dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, AIT ta fara a 1996, dish ya hau rufin gidaje, tashoshi suka koma kwana suna aiki, kwamfuta ta karɓi loda shirye-shirye. Giɓin da ake cikewa ya toshe, daƙiƙoƙin kuma aka sayar wa masu talla. Ko da Frank Edoho ya zo da gasar miliyoyin nan ta Who Wants to Be a Millionaire a 2004, tallan da aka haɗa tun da wuri ne ke sanar da ita. Ni dai har yau ina ganin tashoshinmu na Hausa sun yi garajen sakin wannan al'ada. Mutanen da ba su shiga zaure sai da sallama, sallama ba ɓata lokaci ba ce a wajensu. Rediyo bai saki ba, buɗe Rima Radio ka ji yadda ake miƙa ka daga shiri zuwa shiri, kuma bai rasa masu saurare ba.

Hoton da kake nema shi ne mai wuya. Kai tsaye suke magana, ba a cika naɗar su ba, kaset kuma yana da tsada, sai a goge na jiya a ɗora na yau. Ko a ƙasashen waje, da yawa daga abin da ya tsira na irin waɗannan sanarwa mutane ne suka naɗa a gida da bidiyo, suka bar shi yana juyawa bayan shiri ya ƙare. Saboda haka ka bi gidajen da suka mallaki bidiyo a shekarun 1980, ka roƙi a buɗe maka tsofaffin kwalaye, ka duba farko da ƙarshen kowane kaset, ko da an rubuta "biki" a jikinsa. Kada ka sa shi a inji sai ka duba ko ya yi fumfuna. Sannan ka nemi tsofaffin ma'aikatan gidan talabijin da suka yi ritaya, ka tafi da goro da wayarka mai caji.