Ku Tambaya, Mu Amsa: Lissafin Ambato da Ƙimar Mai Bincike a Fannin Lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a sashen nazarin ƙananan ƙwayoyin cuta. Ina cike takardar neman tallafin bincike, an ce in rubuta ma'aunin h ɗina. Da na duba Google Scholar sai na ga 11, a Scopus kuwa 5. Wanne ne na gaskiya, wanne kuma zan rubuta?
— Wani malami, Tudun Wada, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun na gaskiya ne. Hatsin ɗaya ne, mudun da aka auna shi da su ne suka bambanta.

Duk sanda wani mai bincike ya kafa hujja da maƙalarka, ya sa ta a jerin manazartarsa, to an ambace ka sau ɗaya. Ma'aunin h kuwa wani masanin kimiyyar fiziya ne mai suna Jorge Hirsch, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a Amurka, ya fito da shi a 2005, kuma kana iya lissafa naka da biro da takarda. Ka jera maƙalunka daga wadda aka fi ambata zuwa ta ƙarshe. A ce guda goma ne, ambatonsu kuma 48, 30, 17, 11, 9, 6, 6, 3, 1, 0. Sai ka riƙa gangarowa kana gwada lambar layi da yawan ambato. Ta shida tana da 6, ta cika. Ta bakwai tana da 6, ba ta kai bakwai ba, nan za ka tsaya. Ma'auninka 6 ke nan, wato maƙalu shida da aka ambaci kowace aƙalla sau shida.

Ka lura da abin da wannan lamba ba ta gani. Ko da ta farkon nan ambatonta 2,000 ne maimakon 48, ma'aunin yana nan a 6. Ba ya wuce yawan maƙalun mutum, kuma ba ya raguwa ko da mutum ya shekara goma bai shiga ɗakin gwaji ba.

Dalilin saɓanin da ka gani shi ne Google Scholar na'ura ce da ke kwaso duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet: kundin digiri, takardun taro, babin littafi, da mujallunmu na gida da ke African Journals Online. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate zaɓaɓɓun mujallu kaɗai suke ƙirgawa. Kafin ambato ya shiga ma'auninka a can, sai maƙalarka da wadda ta ambace ta duka suna cikin rumbun. Wanda ya buga yawancin aikinsa a mujallun tsangayoyi da na ƙungiyoyin gida dole ya ga irin wannan tazara.

Kafin ka rubuta kowace lamba, sai ka yi shara, domin sunayenmu suna rikita waɗannan rumbuna ƙwarai. Mutum ɗaya ya zama Muhammad a wannan mujalla, Mohammed a waccan, a ta uku kuma an maida sunan mahaifinsa nasa. Scopus kan raba shi gida biyu ko uku, kowane gida da ɗan ma'auninsa. Ka nemi sunanka ta duk rubutun da ka taɓa amfani da shi, ka cike fom ɗin gyaran bayanan marubuci a haɗe maka su. A Google Scholar akasin haka ne ya fi faruwa: takwarorinka suna da yawa, na'urar sai ta zuba maka aikinsu. Ka kashe sabuntawar kai-tsaye, ka zaɓi a riƙa aiko maka da imel kana tantancewa, ka goge abin da ba naka ba, ka haɗe maƙalar da ta fito sau biyu. Sannan ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike da ke bambanta shi da takwarorinsa, kyauta ce, mai alamomi 16, ka riƙa sa ta a duk abin da za ka tura wa mujalla, ka kuma tsaya a kan rubutun suna ɗaya daga yau.

Idan masu tallafin sun faɗi rumbun da suke so, shi za ka ba su. In ba su faɗa ba, ka rubuta duka biyun, kowane da sunan rumbunsa da ranar da ka duba. Lamba ba tare da rumbu da kwanan wata ba tana sa mai tantancewa ya yi zargin an zaɓo wadda ta fi girma ne.

Tambaya: Ni likita ce, bincikena a kan saran maciji ne da zazzaɓin Lassa. Abokin karatuna da ya koma binciken ciwon daji ya ninka ni sau uku a yawan ambato, alhali tare muka fara. Wannan yana nufin aikina ba shi da tasiri ke nan?
— Wata likita, Bauchi

Amsa: Ko kaɗan, Likita, kuma wannan ita ce illar da ta fi damunmu a sha'anin nan. Yawan ambato yana bin yawan masu rubutu a fanni. Masu binciken ciwon daji dubbai ne a duniya, da kuɗi da mujallu masu yawa, kowace maƙala da dogon jerin manazarta. Masu binciken dafin kububuwa ba su da yawa, sai a 2017 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Gwajin magungunan dafi guda biyu na EchiTAb da aka yi a asibitin Kaltungo, aka buga a 2010, ya shafi abin da za a ɗura wa manomin da maciji ya sara a gona. Likitan da ya karanta ya gyara yadda yake ba da magani ba ya rubuta maƙala a kai, saboda haka babu rumbun da zai ƙirga shi.

Irin maƙalar ma tana da nata tasirin a lissafi. Wadda ta bayyana hanyar gwaji da wadda ta tattaro binciken wasu ta yi sharhi sun fi samun ambato. Maƙalar Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951 a kan auna furotin ta haura ambato 300,000, saboda duk wanda ya bi hanyar sai ya ambace ta. Wani ambaton ma na suka ne. Maƙalar da Andrew Wakefield ya jagoranta a mujallar Lancet a 1998, wadda ta jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, an janye ta a 2010, amma ana ta ambatonta don a nuna ɓarnarta, na'ura kuwa tana ƙirgawa.

Akwai ma'aunan da suke gwada ki da 'yan fanninki. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suna da shafin iCite, kyauta. Ki zuba lambobin da maƙalunki suke da su a PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya, zai ba kowace makin da ya gwada ta da maƙalun da ake ambata tare da ita. Maki 1.0 daidai yake da matsakaiciyar maƙalar da cibiyoyin suka ɗauki nauyi a wannan fage, 2.0 ninki biyu. Scopus ma yana da makamancinsa, inda 1.0 ke nufin daidai da abin da ake sa rai ga maƙala mai irin wannan fanni da shekara da nau'i. Amma kada ki dogara da makin maƙalar da ba ta kai shekara biyu ko uku ba. Ambato bai gama taruwa ba, guda biyu ko uku suna iya ɗaga makin ko su kayar da shi.

Shawararmu ita ce ki buɗe wani sashe a takardar tarihin aikinki, ki zaɓi maƙalu biyar mafi muhimmanci, ki yi wa kowace layi uku: abin da aka gano, rawar da kika taka, da inda aka yi aiki da shi. Idan ƙa'idar magani ta ma'aikatar lafiya, ko ta Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, ko ta asibitinku ta kafa hujja da aikinki, ki kawo sunan takardar da shafin. Bauchi tana cikin jihohin da Lassa ta fi addaba a ƙasar nan, kuma bayanan da ke fitowa daga gadon marasa lafiyarta ba wanda zai tattara su daga waje.

Tambaya: Ina cikin kwamitin ƙarin girma na tsangayarmu. Wasu sun kawo shawarar mu riƙa ba da maki gwargwadon ma'aunin tasirin mujallar da mutum ya buga a ciki. Me kuka gani?
— Wani farfesa, Azare

Amsa: Ranka ya daɗe, ba mu goyi bayan a tsaya a nan ba. Wannan ma'auni, wanda Eugene Garfield ya assasa, na mujalla ne, ba na mutum ba. Na 2024, alal misali, ana samunsa ne ta ƙirga ambaton da aka yi a 2024 ga abin da mujallar ta buga a 2022 da 2023, a raba da yawan maƙalun waɗannan shekaru biyu. Ambato 300 a kan maƙalu 150 ya ba da 2.0. Matsalar ita ce 'yan tsirarun maƙalu ne ke kwashe mafi yawan ambaton, saura da yawa suna ƙasa da wannan matsakaici. Shi ya sa Sanarwar San Faransisko kan tantance ayyukan bincike, da aka tsara a 2012, ta nemi a daina amfani da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da rabon tallafi.

Abu biyu kwamitinku zai sa wa ido. Na farko, mujallun cin kuɗi suna liƙa wa kansu ma'aunin bogi. Na ainihi Clarivate ce kaɗai ke fitar da shi, don haka a nemi sunan mujallar da lambarta ta ISSN, wato lambar shaidar mujalla, a jerin Web of Science, a kuma duba ko ba a cire ta ba a shekarar da aka buga aikin. Na biyu, maƙalun haɗaka masu ɗaruruwan marubuta, irin na ƙididdigar nauyin cututtuka a duniya, suna ba kowane suna cikakken ambato. Ku ware su daban, ku duba inda mutum ya zo na farko, ko na ƙarshe, ko shi ne mai hulɗa da mujalla. Daga nan a ba masani biyu na fannin maƙalunsa uku su karanta.

Tambaya: Ɗalibin digiri na uku ne ni. Abokaina sun ce mu riƙa ambaton juna a duk abin da muka rubuta don lambobinmu su tashi. Akwai laifi?
— Wani ɗalibi, Kashere

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kada ka shiga. Ambaton aikinka na baya ko na abokinka halal ne idan a kansa ka ɗora sabon bincikenka. Wanda aka cusa ba tare da alaƙa ba ha'inci ne ga mai karatu, kuma ana ganewa. Scopus da Web of Science suna iya cire ambaton kai su nuna abin da ya rage, Clarivate kuma takan hana mujallu ma'auninsu idan ta ga musayar ambato ta yi yawa. Google Scholar ne ya fi sauƙin yaudara. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro marubucin da babu shi, da maƙalun da na'ura ta rubuta suna ambaton juna, har ma'aunin h ɗinsa ya kai 94. Saboda irin wannan ne masu tantancewa na kirki suke buɗe jerin su ga su wa suka ambace ka.

Hanyoyin halal suna nan. Ka ba maƙalarka take mai faɗin cutar da wurin da irin binciken, domin da waɗannan kalmomi ake nema. Ka zaɓi mujallar da ke cikin PubMed wadda kowa zai karanta kyauta, ka tambayi rangwamen kuɗin bugu tun kafin ka tura, domin da yawansu suna yi wa masu bincike daga ƙasashe irin namu. Ka bi ƙa'idar rubuta rahoton bincike ta STROBE idan binciken lura ne, ko CONSORT idan gwajin magani ne, ka bayyana yawan mutanen da aka gwada da shekarunsu da yadda aka zaɓe su, domin masu tattara bincike don yin sharhi sukan tsallake maƙalar da ba za su iya ciro waɗannan alƙaluma daga teburanta ba.